Ka rubuta direban sarbo da kanka, ko ka sayi katin da ya zo da nasa?

Wani ƙanena da muke wannan harka ta haɗa injin CNC, wato injin yanka da sassaƙa da kwamfuta ke juyawa, a gida tare ya turo min hoton wani koren bod da ya siyo ta intanet, wai na juya moton sarbo uku ne, kuɗinsa ko rabin na sauran bai kai ba shi ya sa ya yi wuf da shi. Kaya ya iso, ba takarda ba faifai, mai sayarwar kuwa tunda kuɗi suka shiga ya daina duba saƙo, cinikin biri a sama dai aka yi. Sai ga tambaya: “Yaya, tunda na ɗan iya yaren kod na C, in zauna in rubuta masa direba da kaina ne, ko in haƙura in sayi wanda ya zo da nasa?” Na ce masa wannan ba amsar tsaye-tsaye ba ce, don ni na ɗanɗana hanyoyin nan kusan duka, wata da daɗi wata da zufa, kuma har yau akwai tabo a teburin injina da ke tuna min.

Mu fara raba gardama kan kalmar direba, don ban da na tasha, biyu ne a harkar nan kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai akwatin nan mai ba moto wuta, wanda ake jona wa manyan wayoyi, shi zan riƙa kira diraif. Akwai kuma direba na manhaja, ɗan kod ɗin da ke zaune cikin kwamfuta yana tafinta tsakanin manhajar da ke karanta G-code, wato umarnin yankan, da bod ɗin da ke waje. Wannan na biyun ake maganar rubutawa. Kuma kafin ka fara tambayar wane bod ya fi ko da wane yare za ka rubuta, akwai tambaya ɗaya da in ka amsa ta sauran duk sun warware: waye ke sa ido a kan moton?

Moton sitefa, mai tafiya taku-taku, kamar yaron da ka aika ne ka juya baya, ka ce yi taku 200, ka ɗauka ya yi, in ya yi tuntuɓe a hanya ba za ka sani ba sai ka ga aiki ya karkace. Sarbo kuwa ana bin sawunsa, akwai enkoda a bayansa mai faɗin inda ya kai, sai wani ya riƙa gwada inda aka ce ya je da inda yake yanzu, ya ƙara masa wuta ko ya rage, sau dubu ko fiye cikin sakan ɗaya ba hutawa. Wannan kai-komon shi ne zagaye, lissafin da ake yi a cikinsa kuma PID. Mai sa idon nan wuri uku kawai zai iya zama, ko cikin diraif, ko cikin bod na tsakiya, ko cikin kwamfuta. In yana cikin diraif aikinka kusan babu, in kuwa yana cikin kwamfuta to direbanka ya koma bugun zuciyar injin, ya makara da 'yan milisakan bit, wato bakin yankan, ya ci inda ba a ce ya ci ba.

Hanya mafi sauƙi, wadda yawancinmu masu haɗawa a gida ya kamata mu bi ko da girman kai ba zai bari mu yarda ba, ita ce ka sayi diraif mai karɓar bugun taku da alƙibla. Waya ɗaya na kawo bugu, kowane bugu taku ɗaya, ɗayar na faɗin gaba ko baya, sak yadda ake yi wa sitefa. Zagayen can cikin diraif yake rufewa, kwamfuta ba ta ma san sarbo take juyawa ba. Na AC irin su Delta ASDA-B2 da Yaskawa Sigma da ɗimbin na China masu sauƙin kuɗi suna karɓar wannan bugun, in kuma tsohon moton DC mai burushi gare ka akwai irin su Gecko G320X mai ɗaukar har 80V. A nan ko layi ɗaya ba ka rubutawa, manhajar GRBL za ta juya shi, grblHAL da FluidNC haka, Mach3 da Mach4 da UCCNC da LinuxCNC duk haka.

Sai dai akwai lissafin da masu talla ba sa yi maka. Enkodan da aka fi samu a ƙananan sarbo mai layi 2500 ne, ana ƙirga gefe huɗu na kowane layi, ya zama ƙirge 10,000 a juyi ɗaya. Moton na yin juyi 3000 a minti, wato 50 a sakan, ka ga kenan in cikakken gudu kake so sai ka aika bugu 500,000 duk sakan. GRBL a kan ƙaramin bod ɗin Arduino Uno iyakarsa wajen 30,000 ne. Raba ka gani, juyi 3 a sakan, 180 a minti, in sukurun da moton ke juyawa na tafiya milimita 5 a juyi ɗaya to milimita 900 a minti kenan, ka sayi ingarman doki ka dabaibaye shi. Mafitar ita ce giyar lantarki da ke cikin saitin diraif, ka ce kowane bugu ɗaya a ɗauke shi goma, sai juyi ya koma 1800 a minti, kowane taku kuma ya zama 0.005 na milimita, wanda ga mai sassaƙa ƙofar katako ko yankan allon shago ya isa har ya yi yawa, tunda firam ɗin da ka yi walda da hannunka ma ya fi haka lanƙwasawa. Tsohuwar kafar firinta ma ba ta tsira ba, Mach3 a kanta daga 25,000 zuwa 100,000 yake kaiwa, kuma direbansa na wannan kafa sai Windows mai bit 32, dalilin da ya sa jama'a suka koma ga akwatunan waje irin su SmoothStepper da UC100 masu samar da bugun da kansu.

Abin da ka rasa a wannan hanya shi ne kwamfutarka makauniya ce. In bit ya cije a katako aksis ɗaya, wato ɗaya daga layukan tafiyar injin, ya kasa, diraif zai ga tazara ta yi yawa ya yi alam ya tsaya, amma sauran biyun za su ci gaba da tafiyarsu kamar ba abin da ya faru, sai fa in ka jona wayar alam ɗin zuwa bod ka saita ta tsayar da komai, kuma wallahi mutane da yawa ba sa jonawa. Haka in hayaniyar wuta daga inbatar sifindil, moton da ke juya bit, ta shiga wayar bugu, diraif zai ƙirga takun da ba a aiko ba ya yi biyayya da zuciya ɗaya. Saitin PID ɗin ma cikin diraif ake yinsa, da 'yan maɓallai da ƙaramin allon lambobi, kana riƙe da littafin da aka fassara da inji kana hasashe. Duk da haka in rauta ce ta katako ko filasma, ni ban ga dalilin wuce nan ba.

Hanya ta biyu ita ce LinuxCNC da kati mai FPGA, wani cif da ake tsara masa aikinsa, wanda direbansa ya riga ya zo cikin manhajar. LinuxCNC tsohon hannu ne, asalinsa EMC da hukumar NIST ta Amurka ta fara a shekarun 1990, wajen 2011 aka canza masa suna saboda wani kamfani mai irin wannan sunan. Bambancinsa da su Mach da GRBL shi ne shi yana iya rufe zagayen cikin kwamfuta. Duk milisakan ɗaya, sau 1000 kenan a sakan, sai ya karanta enkoda, ya lissafa inda ya kamata a kasance, ya yi PID, ya aika umarni. Ƙirga bugun enkoda 500,000 a sakan ba aikin kwamfuta ba ne, katin ne ke yi, ita jimla kawai take karɓa duk zagaye.

Wanda ya fi suna a nan shi ne Mesa Electronics na Kalifoniya, direban katunansu kuma hostmot2, yana cikin LinuxCNC tun tuni kuma kod ɗinsa a buɗe yake har da na FPGA ɗin. 7i96S na taku da alƙibla ne, aksis biyar, ta wayar netwok ta Ethernet, kuma bugunsa na shiga miliyoyi don haka ba sai ka nemi giyar lantarki ba. 7i77 kuwa na sarbo ne masu jiran umarni daga −10V zuwa +10V, aksis shida da mashigar enkoda shida, ana jona shi a bayan irin su 5i25 ko 6i25 ko 7i92, sai kuma 7i97T da ya haɗa wannan aikin da Ethernet a kati ɗaya. In ka yi sa'a ka samo tsohon injin milin na masana'anta wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu amma moto da diraif ɗinsa lafiya lau, wannan ce hanyarka, ba ma sai an yi shawara ba, don irin waɗannan tsofaffin diraif ba su san wani bugun taku ba.

Aikin da ke gabanka a nan ba C ba ne, jone-jone ne a fayil ɗin HAL. Kowane ɓangare na da fil-fil na ƙarya a cikin manhaja, kai kuma kana ɗaure wannan da wancan da umarnin net, fil ɗin matsayin enkoda zuwa PID, fitowar PID zuwa fil ɗin 10V, kamar mai wayarin amma da rubutu. Manhajar PNCconf za ta zana maka na farko. Daɗin abin shi ne Halscope, kana kallon tazarar da ke tsakanin umarni da inda aksis yake tana zana kanta a allo, ka taɓa saitin FF1 ka ga ta kwanta, ka ƙara P na PID har moto ya fara gurnani ka ja baya kaɗan. Kuma in tazarar ta wuce iyakar da ka rubuta a FERROR, injin gaba ɗaya ne ke tsayawa, ba aksis ɗaya ba.

Kuɗinta fa? Katin da dala ake saye, ga kuɗin kawowa ga kwastam, ba abin da za ka shiga kasuwa ka ɗauko ba ne. Sannan ba kowace kwamfuta ba, sai ka gudanar da latency-test ka bar shi awanni yana aiki kana buɗe bidiyo kana jan windo kana wahalar da ita ka ga iya jinkirinta. Mai son fitar da bugu kai tsaye ta kafar firinta yana neman ƙasa da maikurosakan 20 ko kusa da haka, mai kati kuwa an yi masa sassauci sosai tunda milisakan guda gare shi. Laftof yawanci faɗuwa take yi saboda dabarun tattalin batir, tsohuwar destof ta ofis ta fi ta. Kanel ɗin ma, wato zuciyar Linux, in katin na Ethernet ne sai mai PREEMPT_RT, gyaran da ke sa ya amsa a kan lokaci, wanda bayan kusan shekara ashirin yana gefe aka shigar da shi cikin Linux 6.12 a Nuwamban 2024, Debian 12, wani nau'in Linux, kuma tana da LinuxCNC a ma'ajiyarta. Kafar netwok ɗin da ke zuwa kati tata ce ita kaɗai, waya ɗaya daga kwamfuta zuwa kati, kada ka bi da ita ta rautar intanet ta gida. Gargaɗi ɗaya ga mai 10V: ranar farko ka kwance kofulin tsakanin moto da sukuru, don in alƙiblar enkoda ta juye, PID zai ga tazara na ƙaruwa ya ƙara wuta, ta ƙara ƙaruwa ya ƙara, kafin hannunka ya kai ga jan maɓalli aksis ya daki ƙarshe.

Hanya ta uku, EtherCAT, wadda kwamfuta ke magana da diraif ta wayar netwok, ita ce ta zamani, kamfanin Beckhoff na Jamus ya fito da ita a 2003, yanzu kuma har ƙananan sarbo na China na zuwa da ita. Babu kati a tsakiya sam, waya ɗaya ta fita daga kwamfuta ta shiga diraif na farko, ta fita ta shiga na biyu, haka har ƙarshe. A LinuxCNC ana ɗora IgH EtherCAT Master da linuxcnc-ethercat, ka rubuta fayil ɗin XML mai bayyana abin da kowane diraif ke aikowa da karɓa. Yawancinsu tsarin CiA 402 suke bi, kuma shi kamar gaisuwar fada ne, ba a tsallake mataki: ka rubuta 6 a adireshin 0x6040, sannan 7, sannan 15, kana duba amsarsa a 0x6041 kowane mataki, ka sa 8 a 0x6060 in matsayi kake son aikawa duk zagaye, ka zuba matsayin a 0x607A ka karanto na gaskiya a 0x6064. Wannan rabin rubuta direba ne, amma rabin da ke da takarda. Abin da ke jan hankalina gare ta shi ne enkoda mai tuna matsayi, irin mai bit 17 da ke raba juyi ɗaya gida 131,072, in yana da batir ko an ɗauke wuta ya san inda yake, kuma ta wannan waya lambar na dawowa kwamfuta kai tsaye. Mu da NEPA ke iya katse aikin awa biyar a awa ta huɗu, ka san darajar wannan. Wahalarta a girkawa take, sabunta kanel ɗaya na iya sa ka sake haɗa komai, daidaita agogon diraif da na kwamfuta kuma yana cin dare, ga diraif ɗin ya fi na bugu tsada.

Toh, mu zo kan abin da ƙanena ke ƙaiƙayin yi, wato rubuta naka. Abu na farko da ba a gaya maka shi ne ba abu ɗaya za ka rubuta ba, uku ne: kod ɗin da ke cikin cif ɗin bod, direban da ke cikin kwamfuta, da yaren da za su yi magana da shi a tsakaninsu. Na kwamfutar shi ne ma mai sauƙi. A LinuxCNC ko ka rubuta fayil ɗin .comp ka ba halcompile, ko ka rubuta C zalla, ka ƙirƙiri fil-fil ɗinka, ka fitar da aiki biyu, na karantawa da na rubutawa, ka sa na karantawa a farkon zagaye na rubutawa a ƙarshe, lissafin motsi da PID a tsakiya. Kwana biyu za ka ga lamba na motsi a allo in ka juya moto da hannu, ka ɗauki bidiyo ka tura wa abokai ka ɗauka ka gama, alhali ko sallama ba ka yi ba.

Cikin wannan milisakan ɗin akwai dokoki, ba a jira, ba a neman sabon memori, ba a rubuta fayil, ba a barci. Shi ya sa USB ta fita daga lissafi, ita a tsarinta kwamfuta ce ke raba lokaci gida-gida, kuma saƙonka na iya zama a layi sai an ga dama, LinuxCNC ma ba ya yarda a rufe zagaye ta kanta. Bod ɗin USB da kake gani suna aiki da Mach, dabara ce daban, Mach na lissafa motsi tun kafin lokacinsa ya zuba wa bod a ajiye, bod ɗin ne ke fitarwa a kan lokaci, don haka mai rubuta filogin na Mach da C++ ya san cewa duk aikin gaggawa sai ya koma cikin bod ɗinsa, kuma shi ya sa a wasu in ka danna dakata sai injin ya ɗan ƙara gaba kafin ya ji. Abin da ya rage maka hanyar SPI ce in ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi kake amfani da ita, da gajeriyar waya ƙwarai, ko Ethernet da tsarin aika saƙo na UDP. Ba TCP ba, don TCP in saƙo ya ɓata sai ya tsaya ya sake aikowa, kai kuma matsayin da ya tsufa da milisakan 20 ba shi da amfani, gara ka san ya ɓata. Sai ka sa wa kowane saƙo lamba da abin tantancewa, ka kuma yanke shawarar sau nawa a jere zai ɓata kafin ka ce a tsaya.

Bari in ba ka labarin tabon. Na haɗa bod da cif ɗin STM32F103, masu ƙirgensa duk bit 16 ne, wato gida 65,536, ni kuma na karanta lambar a matsayin mai ɗaukar ƙari da ragi, daga −32,768 zuwa 32,767. Enkodana na ba da ƙirge 2000 a milimita ɗaya, lissafa ka ga milimita 16.4 kawai kowane gefe. Sati guda ina gwaji a benci, milimita 10 gaba, 10 baya, komai sumul. Ranar da na ɗaura katako na gaske, aksis ya wuce 16.4, lambar ta yi tsalle ta koma ragi, kwamfuta ta ga an bar ta a baya da kusan milimita 33 ta saki wuta gaba ɗaya, kuma lambar da take nema ma babu ita a cikin ƙirgen, don haka ba ranar isa. FERROR da ya kamata ya cece ni, ni da kaina na buɗe shi lokacin saiti na manta ban mayar ba. Bit mai milimita 6 ya ja layi ya ratsa katakon ya shiga tebur ya karye, guntunsa ban gan shi ba sai bayan kwana uku a cikin takalmi. Gyaran layi uku ne, ka cire tsohuwar lamba daga sabuwa a bit 16, ka tara bambancin a babban ma'aji. Laifin ba na cif ba ne, yana rubuce a takardarsa, ni ne ban karanta ba.

Irin waɗannan ramukan suna da yawa kuma kowanne sai ka faɗa kake saninsa. Maigadi misali. In kwamfuta ta sandare ko waya ta zare alhali umarni na ƙarshe 3V ne, bod marar maigadi zai ci gaba da ba da 3V har abada, moto na tafiya. Katin Mesa in bai ji daga kwamfuta ba na milisakan 5 sai ya saki komai, kai ma dole ka rubuta naka, ka kuma gwada shi ta hanyar fizge waya da gangan. Sai lokacin kunnawa, 'yan sakannin da cif ke farkawa ƙafafunsa na lilo ba sama ba ƙasa, in wayar ba diraif izini na kan ɗaya daga cikinsu moto zai zabura, kuma a wurin da ake sauyawa tsakanin NEPA da janareta sau uku a yini ba sau ɗaya za ka gamu da wannan ba. Jan maɓallin gaggawa kuwa kada ka kuskura ya bi ta kod ɗinka kaɗai, ya yanke kontakta da waya ta zahiri.

Akwai kuma masu cin rai a hankali. Auna gudu daga ƙirge: a zagayen milisakan ɗaya, bambancin ƙirge guda tak daidai yake da milimita 30 a minti, don haka a tafiyar hankali lambar gudu tsalle take yi tsakanin sifili da 30 da 60, D na PID ya ɗauki wannan tsallen ya mai da shi ƙara, moto na ta zuga kamar gidan zuma. Mesa na magance shi da rubuta lokacin da kowane bugu ya iso, kai ma sai ka yi. In kuma lokacin karatunka na rawa da maikurosakan 100 kana gudun mita 6 a minti, ka ƙirƙiri kuskuren 0.01 na milimita wanda babu shi a ƙarfe. Wayar enkoda mai tsawo tana son layi bibbiyu irin na RS-422 da cif kamar AM26LS32 a bakin shiga, bugun Z na neman gida, wanda enkoda ke bayarwa sau ɗaya a juyi, sai an cafke shi a cikin bod don ya fi milisakan gajarta in ana gudu, fitar da −10V zuwa +10V da bit 12 kuma na nufin kowane mataki kusan milivolt 5 ne, wanda ya isa ya sa aksis ya riƙa rarrafe in ba ka kula ba. Ba wanda ya gagara a cikinsu, amma tara su ka ga watanni.

Ban ce kada kowa ya rubuta ba fa. In burinka ilimin ne ba ƙofofin da za ka kai wa kwastoma ranar Juma'a ba, babu makarantar da ta kai wannan, ni abin da na koya a wata shida na wahalar nan ya fi na shekarun baya. Haka in kana da wani bod na musamman mai cikakkiyar takarda wanda ba wanda ya taɓa jona shi, ko kana shirin ƙera bod da yawa ka sayar, to akwai hujja, sai dai ka tuna LinuxCNC da GRBL a ƙarƙashin lasisin GPL suke, in ka gina a kan kod ɗinsu ka raba wa mutane sai ka buɗe naka. Kuma ko a nan kada ka fara daga farar takarda. Remora ya riga ya haɗa LinuxCNC da bod-bod na firintar 3D ta SPI, da wasu ta Ethernet. LitexCNC ya mai da katin Colorlight 5A-75, wanda asalinsa na allon talla mai fitilu ne, ya zama katin FPGA mai arha, illa dai ƙafafunsa na fitarwa ne, sai ka canza wasu cif da hannu kafin enkoda ya shiga. Karanta hm2_eth ka ga yadda suka yi da ɓatan saƙo. Gyara na wani ya fi sauri nesa ba kusa ba.

In kuma ƙaiƙayin ne kawai, ga inda za ka sosa ba tare da asarar bit ba: rubuta direban inbatar sifindil. Ta Modbus take magana, ba ta cikin zagayen gaggawa, in saƙo ya makara da rabin sakan ba wanda ya mutu, da Python ma za ka iya, ka ƙirƙiri fil na gudu da na kunnawa da na alam ka ga yadda HAL ke tafiya. Akwai mb2hal da hy_vfd da za ka gwada naka da su.

Shi kuwa koren bod ɗin ƙanena, na ce ya kawo mu duba. Kafar USB ce kaɗai a jikinsa, lambar babban cif ɗin an kankare ta da gangan, manhajar da ya kamata ta zo da shi babu balle mu saurari hirarta da bod ɗin ta manhajar Wireshark mu kwaikwaya. Da a ce STM32 ne a fili da sai mu bi layukan da mita mu goge kod ɗin ciki mu zuba namu, amma wannan ko ƙofar shiga babu. Muka juya diraif ɗinsa guda uku muka ga PULS da SIGN a jikin tashar waya, wato duk suna karɓar taku da alƙibla, har da fitowar enkoda da zai iya maidowa kwamfuta wata rana in ya so. Na ce ya ɗora grblHAL a bod mai bit 32 ya fara yanka a wannan satin, in aiki ya kawo kuɗi ya yi odar 7i96S, wayar alam kuma yau ɗin nan zai jona ta ina tsaye. Ya ce to koren fa, Yaya? Na ce ya kawo ayan ɗin soda, akwai tashoshin waya goma sha biyu da optokofla takwas a jikinsa masu kyau, su za mu cire.